Takardar Tsiren Tsafe

Mijina makaho ne, kuma malamin makaranta ne. Na jera su haka ne saboda haka mutane suke jera su, sai dai yawancinsu a na farkon suke tsayawa. Yana koyar da yara makafi a Gusau da rubutun nan na ɗigo-ɗigo, wanda ake hudawa da tsinke a bayan takarda mai kauri, sannan a juya ta a bi da yatsa. Kowane harafi yana da gurbinsa mai ɗaukar ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, kuma waɗanda aka tayar da waɗanda aka bari su ne suke faɗin harafin. Yana karanta Hausa da shi, yana karanta Turanci, kuma ya fi ni sauri, abin da har yau ban gama yafe masa ba.

Mahaifina bai taɓa yarda cewa wannan karatu ne ba. Manomi ne a Rawayya, cikin ƙasar Bungudu, kuma idan ya kafe a kan magana, sai dai a kewaye shi. Bai hana aurenmu ba, yana ma son mutumin. Amma a ganinsa surukin nasa haddace komai ya yi, yatsan kuwa yana yawo da shi ne a kan takarda don kada a ce ya zauna haka kawai.

"Wanga lalube na," in ji shi, "ba karatu na ba."

A Rawayya har mai sayar da kananzir Malam ake ce masa. Mijina kaɗai ne Baba bai taɓa kira Malam ba, sai dai ya ce "mutumen Gusau". Shi kuma yakan nuna abin bai dame shi ba. Ƙarya yake yi. Duk zuwan da za mu yi sai ya ɗauki littafi, ya zauna a zaure ya ɗora shi a gwiwa, yana jiran a ce ya karanta ko da layi guda ne. Sai a yi hirar taki da farashin gero har la'asar, mu tashi mu dawo da littafinmu. Inna ce kaɗai ta yarda da shi a gidan, amma kunyar surukuta ba ta barinta ta faɗa. Man shanu take aiko masa, wannan ita ce shaidarta.

A lokacin da abin ya faru an mayar da ni koyarwa a wata firamare a Tsafe, kullum ina kan hanya a bas. Wata rana da yamma, ina jiran mota ta cika, ƙamshi ya ci ƙarfina na sayi tsire a bakin titi. Mai tsiren ya naɗe mini a wata takarda ruwan ƙasa mai kauri. Ban ko dube ta ba, na jefa a jaka.

A gidanmu na Tudun Wada na ajiye wa Malam a gabansa. Ya kai hannu ya ɗauki yanka ɗaya, ya sake kai hannu, sai hannun ya tsaya. Ya ture naman gefe kamar shi ne shara, ya shimfiɗa takardar, ya fara bin ta da yatsa cikin mai da yaji.

"Ina kika samo wannan?"

"Tsire ne. Ka ci kafin ya huce."

"Rubutu ne," ya ce. "Rubutunmu ne."

Ya daɗe yana bi, fuskarsa tana sauyawa. Haruffan duk ya san su, ga a, ga b, ga n, kowanne a mazauninsa. Amma da ya haɗa su sai ba su ba da komai ba, ba Hausa ba, ba Turanci ba. Ya karanto mini da ƙarfi, na ji kamar mutum yana ƙoƙarin tayar da tsohon babur. Tun da na san shi ban taɓa ganin ɗigo ya gagare shi ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan ji daɗi. Daɗin bai kai gobe ba, domin da safe ya ce in koma wurin mai tsire in karɓo masa sauran.

Mai tsiren ya saurare ni da ladabi, sannan ya girgiza kai. Ya ce wani dillalin gwanjo ne a kasuwar Gusau ya tsinci littattafan a gindin dilar rigunan sanyi da ta zo daga waje, shi kuma ya kwashe su duka.

"Malama, takardar ga ba ta sayarwa ta ba," in ji shi. "Tun da nike sana'ar ga ban samu irinta ba. Mai ba ya hita, kuma yaji na zama cikin 'yan ramukkan ga, mutum ya dangwala abinai cikin natsuwa. In kina so, ki sai nama."

Na yi masa bayanin ilimi, na yi masa bayanin lada. Ya ce shi ma yana son ilimi, amma takarda ɗaya, ƙunshi ɗaya. Haka muka shiga cin tsire. Muka ci tsire ranar aiki, muka ci ranar hutu, har yaranmu suka fara roƙon a yi musu tuwo miyar kuka. Shafukan kuma ba a jere suke zuwa ba, domin mai tsiren daga inda hannunsa ya faɗa yake yagowa. Malam yakan goge kowane shafi da tsumma a hankali don kada ɗigon ya kwanta, ni kuma in shanya a igiya tare da kayan yara. Kyanwoyin unguwa suka mayar da katangarmu majalisa. Akuyar maƙwabta ta cinye shafi guda, Malam ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar mai ita da kyau.

Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida yana karantawa da ƙarfi, ko kunne zai kama abin da yatsa ya kasa. A nan matsala ta fara. Cikin wannan tarkacen sautin, lokaci-lokaci sai kalmar Hausa ta faɗo tsaf. Sai ka ji "da", can ka ji "in", ka ji "an", ka ji "so", ka ji "ja". Akwai kuma wata da ba ta barin kowane shafi, gurbi uku kacal: alamar sh, sai n, sai e. A rubutun makafi na Hausa sh gurbi ɗaya take ci. Malam yakan furta ta yadda ta zo, "shne". Duk Bahaushen da ya ji wannan kuwa, abu ɗaya zai ji, wato "shi ne".

Maƙwabcinmu direba ne a tasha, mutum mai saurin gane abin da babu. Ya tsuguna ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce ai wannan Hausar aljanu ce, su ne suke haɗiye wasula saboda sauri. Ya matso ya rage murya ya ce an sace masa batirin mota, ko takardar za ta faɗi wane ne "shi" ɗin. Malam ya kore shi da faɗa, ya ce shi malamin makaranta ne ba boka ba. Amma wanda ya gaya wa direban tasha magana ya gaya wa kowane gari da mota take zuwa.

Ana cikin haka, wata rana mai tsire ya naɗe mini nama a bangon littafin, yana ba ni haƙuri wai ya yi tauri. A jikin bangon akwai rubutun boko na masu ido, kuma a ƙarƙashin kowane layi akwai ɗigonsa. Na kwafe kalmomin a waya, waya ta ce Jamusanci ne. Muka zauna a tabarma ni da Malam, idona a sama, yatsansa a ƙasa, ina faɗin harafi yana faɗin nasa. Muka zo kan wata kalma, ni ina ganin haruffa huɗu, e, i, n, e. Shi kuma ya ce gurbi uku ne a hannunsa, kuma tsohuwar abokiyarsa ce, "shne".

Yatsansa ya yi ta kai da komo a kan gurbin farko. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗakin ɗaya ne, ɗan hayan ne daban," ya ce. "Inda muka zaunar da sh, su e da i suka zaunar."

Ashe Jamusawa ma sun yi abin da muka yi. Sun duba sautukan da suka fi yawa a bakinsu, suka ba kowanne gurbi guda don kada littafi ya yi nauyin buhu. Da ya kama bakin zaren, sauran suka biyo. Alamar da ya sani da th a Turanci, a wurinsu c da h ce. Wata kuma a da u ce. Yana gyara harafi yana faɗa mini, ina sa wa waya, waya tana fassarawa. Kalmar da ta hana unguwa barci ana furta ta "aine", kuma ma'anarta ba ta wuce "wata" ba, kamar a ce wata rana ko wata mata. Littafin kuwa gaba ɗayansa a kan kiwon zomo ne, yadda ake yi musu ɗaki da abin da ake ba su idan ƙanƙara ta rufe ciyawa.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ce wannan babu wanda ya koya masa, babu kuma wanda zai ce haddacewa ya yi, tun da a duk Zamfara ba shi da wanda zai haddace Jamusanci a bakinsa. Bai ambaci Baba ba, ni ma ban ambata ba, amma duk mun san da wa yake.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wayar Baba. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ki zaka da Malam gobe," ya ce. "Ya taho da takardun ga nai."

Na gaya wa mijina. Ya ce in maimaita yadda Baba ya faɗa, kalma da kalma. Na maimaita. Ya ce in sake. Na ce masa ni jikina bai ba ni ba, domin Baba ba ya sauya ra'ayi sai da dalili, kuma dalilan nasa ba su cika zama masu kyau ba. Bai ji ni ba. Ya sa na goge masa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zaɓi shafukan da suka fi ƙarancin mai.

Mun tarar da zauren Baba a cike. An shimfiɗa buzu a tsakiya, abin da ba a taɓa yi masa ba, Baba da kansa ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Ni na wuce na tsaya a ƙofar ciki, inda mata suka taru a bayan zana, Inna tana cikinsu tana tsince wake. A nan na ji labarin. Babban ragon gidan ne ya ɓata, kuma mutum uku aka zaunar a gaban buzun. Akwai maƙwabcin da suke haɗa darni da Baba, akwai ƙanena wanda duk abin da ya ɓata a gidan shi ake fara kallo, sai wani dattijon Bafulatani da ya daɗe yana kai wa Baba dabbobi kiwo. Dattijon ya sunkuyar da kai, sandarsa a gefe. A zamanin nan zargi irin wannan ba abin wasa ba ne ga mutum irinsa, kuma kowa a zauren ya san haka.

Da Malam ya gane abin da ake so, sai ya ce, "Baba, ni ba na duba. Duba haramun ne. Karatu nake yi."

"Ai shi munka ce," in ji Baba. "Karanta, Malam."

Na ga kafaɗunsa sun motsa da jin kalmar. Ina jin a ransa ya yanke cewa ga dama ta samu, zai yi musu darasi yadda yake yi a aji, su ga karatu da idonsu. Ya ɗora shafi a gwiwa ya gyara murya.

"Wannan littafin Jamusawa ne. Da farko ni ma na yi kuskure. Da na zo kan wannan kalmar, na ɗauka cewa take, shi ne."

Tsautsayi ya sa fuskarsa tana fuskantar dattijon. Duk idanu suka koma can. Sai ƙanena ya yi tari, Malam ya juya wajen tarin kamar yadda makaho yake yi, ya ci gaba da bayani.

"Kowane shafi na buɗe, sai in ji shi ne."

Ƙanena ya fara rantsuwa da kabarin kakanmu. Maƙwabcin ya janye jikinsa a hankali ya koma bayan Malam, inda fuska ba ta kaiwa. Baba kuwa ya gyaɗa kai yana nazari.

"Aljanin Bakano na," ya ce wa na kusa da shi. "Da na nan na, da 'shi na' za ya ce, ba 'shi ne' ba."

"Babu aljani, Baba," in ji Malam, muryarsa ta fara hawa. "Kuskurena ne nake faɗa. Alamar ba sh ba ce a wurinsu. Kalmar aine ce, kuma ma'anarta wata. Wata kawai."

"Wata," in ji Baba. Ya maimaita a hankali. "Wata. Ashe mace ta."

Mutum ukun suka sauke numfashi tare. A bayan zana kuwa hira ta ɗauke. Na so in shiga in ƙwace takardar, amma ɗiya ba ta kutsa zauren ubanta yana cike da maza. Malam ya ji abin yana zame masa, sai ya yi abin da kowane malami yake yi idan aji bai gane ba, ya ƙara misali.

"Ku saurara. Maganar zomo ake yi. Ga wata kalmar a nan, irinta ce, an dai sa mata m a gaba. Maine. Ita kuma ma'anarta tawa. Kun ga ai ƙa'ida ce ta harshe, babu ruwanta da rago."

"Tawa," in ji Baba. "Ni kau guda gare ni."

Ya juya ya fuskanci zana. Na dubi Inna ina shirin yin dariya, sai na ga ta ajiye faifan wake. Ta kakkaɓe zaninta, ta matso jikin zanar, ta yi magana da muryar da ba ta taɓa ɗagawa ba a gaban surukinta.

"To, ni taɗ ɗauka. Shina Bungudu gidan ƙanena, shina cin dusa lahiya lau. Ni nak kiwata shi tun shina ɗan ƙarami, in zura ido ka ba da shi a ba ka mataccen injin ban ruwa? Injin da mai shi ma neman rabuwa da shi yakai?"

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a tsare. Ƙanena yana neman a ba shi haƙurin shekaru, maƙwabci yana cewa shi dama ya sani, Baba yana kare mutuncin injin. Dattijon Bafulatanin ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya zo ya riƙe hannun Malam da hannu biyu ya yi ta yi masa addu'a, idonsa da ƙwalla. Wannan ne ya ɗaure bakin mijina. Ya buɗe baki zai sake cewa zomo, sai ya rufe, ya ce amin.

Daga ranar ya zama Malam a Rawayya, har da ƙari. Idan muka sauka daga babur yara sukan ruga su sanar. Inna ta daina aiko man shanu. Ba fushi take yi ba, tsoro take ji. Idan yana gidan takan rufe tukwanenta da faifai, ta yi magana da raɗa, kuma ta taɓa ja na gefe ta tambaye ni ko yana jin abin da mutum ya ce a zuci. Na rantse mata cewa ko gishirin miya ba ya ganewa sai ya ɗanɗana. Ta ce haka zan ce, ai mijina ne. Abin ya yi mini ciwo, domin ita kaɗai ce a gidan ta taɓa ɗaukarsa mai karatu.

Zuwanmu na bayan sallar layya, an sake shimfiɗa masa buzu, zaure ya sake cika. Baba ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe a tsumma, ya ce a kasuwar Bungudu ya gan shi, ya ga duk jikinsa rubutun Malam ne, shi ya sa ya saya. Ya warware ya ɗora masa a gwiwa da hannu biyu. Daga inda nake tsaye na hango abin. Takalmin roba ne ƙafa ɗaya, irin mai ƙurajen nan a ciki da ake cewa yana tausa tafin ƙafa.

"Malam," in ji Baba, "karanta muna."

Mijina ya ɗora yatsunsa. Ya bi layin farko daga hagu zuwa dama, kamar yadda yake bin kowane shafi, ya sauko na biyu. Ya daɗe fiye da yadda abin yake bukata, kowa yana jira.

"Baba, wannan silifa ne," ya ce.

Baba ya juya ya dubi jama'a, fuskarsa cike da alfahari.

"Kun ji ko? Ko ganinai bai yi ba."

A hanyar komawa Gusau mun samu kujerar baya a bas. Ina ta danne dariya tun daga Rawayya, ina jira ya fara in taya shi, domin shi ne mai fara irin wannan. Bai fara ba. Hannayensa suna kan gwiwa, babu komai a ƙarƙashinsu. Sai da muka wuce Bungudu ya yi magana, a hankali, ba tare da ya juyo ba.

"Tun ranar da aka ɗaura mana aure nake jira ya ce in karanta masa."